Kakarmu Mai Gwangwanin Tambaya

Na yi sallama sau biyu a ƙofar gidan makoki, ba wanda ya amsa. Na shiga haka nan.

Ranar Alhamis ce da la'asar, ranar da Kaka ta rasu. Tsakar gidan cike yake da matan zumuntar cocinmu, sun shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya, wasu na waƙa ƙasa-ƙasa, wasu na tsince shinkafar da za a dafa wa baƙi. Duk na san su. Babu wadda ban taɓa ɗauka wa kaya daga kasuwa ba. Na durƙusa na ce, "Mama, sannunmu da rashi. Yaya haƙuri?" Wadda na gaisar ta zuba wa bango ido. Ta kusa da ita ta janye bakin zaninta don kada ya taɓa ƙafata. Wata da ke shayar da jariri ta juya mini baya, ta rufe kan yaron da mayafi.

Mutum ɗaya ce ta amsa, Hajiya maƙwabciyar Kaka mai sayar da bandar kifi, wadda ta shigo gaisuwa da 'yan uwanta. Ta ce, "Da godiya, 'yar nan. Allah ya ba mu haƙuri." Sai ta dubi sauran matan ɗaya bayan ɗaya, tana mamakin abin da ya same su.

Mamana ta fito daga madafi, hannunta duk toka, ta kama ni a damtse.

"Tashi mu tafi."

"Mama, ban gaida Anti ba." Anti ita ce surukar Kaka, matar ɗanta, su ke zaune tare.

"Na ce ki tashi."

Sai da muka wuce masu keke a bakin titi ta sake ni. Ba ta dube ni ba ta ce, "Faten da kika kai mata jiya, kin tsaya a wani wuri a hanya?"

"A'a."

"Kin buɗe kwanon?"

"Mama, ke fa kika dafa."

"Na san ni na dafa. Ba ni suke zargi ba."

Yanzu wata biyu ke nan, kuma har yau idan mota ta tsaya a ƙofar gidanmu sai na leƙa ta taga. Amma na ce sai na rubuta wannan. An buga wata 'yar takarda ta jana'iza da hoton Kaka tana murmushi, ban san inda suka samo hoton ba. A ƙasa aka rubuta wai uwa ce mai taushin zuciya wadda ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ƙarya ne, kuma waɗanda suka rubuta sun fi kowa sani. Matan da suka fi ɗaga murya da kuka a tsakar gidan nan su ne masu ce mata tsohuwar soja a bayan idonta. Wadda ta yi ta birgima a tabarma har aka riƙe ta, shekara biyu ba ta gaida Kaka ba, saboda Kaka ta kori ɗanta daga aji. In aka bar Kaka a hannun waɗannan, nan da baɗi za a manta da ita, a bar wata tsohuwa mai murmushi da ba a taɓa yi ba. Ni ban ƙaunace ta ba lokacin da take da rai, ba zan yi ƙaryar hakan ba. Amma na san ta. Ba zan sa sunan kowa ba a nan, har nawa.

Ba kakata ba ce ta jini. Daga gida ɗaya muke, kudancin Kaduna, kuma a Haɗeja duk wanda ya fito daga can ɗan uwa ne. Ta zo tana amarya, ta koyar a firamare a Miga, daga baya aka dawo da ita cikin gari, ta yi ta koyarwa har ta yi ritaya. Hausarta ta rikiɗe ta koma ta Haɗejawa, in tana ciniki a bayan labule ba za ka ce baƙuwa ba ce. Da ta ajiye alli sai ta karɓi zumuntar matasa ta cocinmu, ba wanda ya ba ta, ba kuma wanda ya iya karɓewa. Agogon mijinta marigayi take ɗaurawa, ya yi mata yawa, yana zamewa har gwiwar hannu. A jakarta kullum akwai rula. Ban taɓa ganin ta daki kowa da ita ba, tebur take duka, amma ƙarar ta isa.

Ina shekara goma sha uku aka kai ni. Kowace Asabar ƙarfe huɗu, ƙarƙashin darbejiyar bayan coci. Mukan haddace aya, amma hadda ba ta burge ta. Kina gama zubo ayar kamar famfo sai ta ce, "To, me ta ce miki?" In kika maimaita abin da aka faɗa a wa'azin Lahadi sai ta ɗaga rula. "Wannan na Fasto ne, mayar masa da kayansa. Ina naki?" Ta sha sa ni kuka da wannan tambaya. Tana cewa, "Bangaskiyar aro kwalekwalen aro ce. Ranar da ruwa ya cika, mai shi zai zo ya karɓi abinsa, ya bar ki a tsaye a gaɓa."

Sai gwangwanin. Tsohon gwangwanin madara ne, babba, ta tsaga murfinsa da wuƙa. A ƙarshen kowane zama za ta raba 'yan takardu, kowa ya juya baya ya rubuta tambayar da ba zai iya yi wa uwarsa ko Fasto ba. Dokarta uku ce. Ba suna. Manyan baƙaƙe. Kuma da hannun hagu, bahago kuwa ya rubuta da dama. Ta ce shekarun da ta yi tana duba littattafan yara sun sa tana gane rubutun mutum kamar fuskarsa, ita kuma ba ta son ta gane. Za ta tafi da gwangwanin gida ta yi mako tana juya tambayoyin, Asabar mai zuwa ta karanta kowace da ƙarfi, ta amsa, sannan ta jefa takardar cikin kurfotin gawayi a gabanmu mu ga ta zama toka.

"Abin da ya shiga gwangwani," in ji ta, "ba shi da uwa, ba shi da uba."

Wata rana ta karanta, "Laifi ne in ci naman Sallah da maƙwabta suka kawo mana?" Ta ninke takardar ta ce, "Ci, ki ce an gode, ki kawo mini hanta." Wata rana kuma, "Me ya sa ruwa ya cinye shinkafar babana mai addu'a, ya bar ta wanda ba ya zuwa sujada?" Ta daɗe tana kallon agogon nan, sannan ta ce, "Ban sani ba. Mako guda ina nema ban samu ba. Wanda ya rubuta, kada ka daina tambaya, kuma in ka samu amsa kafin ni ka zo ka gaya mini." Ita kaɗai ce babba da na taɓa ji ta ce ba ta sani ba a kan al'amarin Allah.

Yaron da ta kora, dariya ya yi. An karanta wata tambaya a kan mafarkin da samari ke yi, sai ya nuna abokinsa da baki ya ƙyalƙyale. Kaka ta rufe gwangwanin ta ce ya tashi, sai bayan wata uku. Uwarsa ta zo da faɗa, ta ce yaro ne, wasa yake. Kaka ta ce, "Ɗanki ya nemo wa marayar takarda uba. Ki kai shi gida ya yi wasan a ɗakinki."

Shekarar da kogi ya cika har ana kwana da tsoron zai fasa jinga ya shigo gari, mun taru da littattafanmu sai ta ce a ajiye. "Ayar yau tana bakin ruwa." Ta tasa mu gaba har inda mutanen unguwa ke cika buhuna da yashi, ta raba mu, maza su ɗauka, mata su riƙe bakin buhu. Muka dawo da magariba kamar an tono mu daga rami. Iyaye suka yi ca, wai ta kai musu 'ya'ya cikin maza da ruwa. Ta ce, "Ruwan in ya zo zai tambayi wa ke zuwa coci kafin ya shiga ɗaki?"

Wannan ita ce Kaka. Ga kuma abin da ya shiga tsakanina da ita.

Bana ne ya kamata a yi mini baftisma. Mu shida ne sa'o'in juna, mun yi shekara muna aji. A cocinmu Fasto ke nutsar da mutum a kogi, amma Kaka ke cewa wane ya isa, wane bai isa ba, kuma ba a taɓa tsallake maganarta ba. Mamana ta riga ta ɗinka mini farar riga, ta gaya wa dangi a gida. Saura mako uku, Kaka ta tsayar da mu ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa. Da ta zo kaina ta ce, "Me ya sa kike so?"

Na ba ta amsar da ke cikin littafin aji, ban bar ko wasali ba.

"Wannan na littafi ne. Ina naki?"

Na sake wata. Ta girgiza kai. Na ji 'yan baya sun fara motsi. Raina ya ɓaci na ce, "To ai kowa yana yi, kuma an riga an ɗinka riga."

"Yawwa. Yanzu kika faɗi gaskiya. Sai baɗi."

"Kaka?"

"Sai baɗi. Riga ba ta ruɓewa."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ke ce Allah da za ki hana ni?" Na faɗa da ƙarfi, har matan da ke share coci suka leƙo.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Da ni ce, 'yata, da ba ki kai gida da ƙafarki ba yau. Zauna."

Aka yi dariya. Dariyar ce ta fi ci mini rai. A gida mamana ta ninke rigar ta sa a ƙasan akwati, babana kuma ya ce in je in ba da haƙuri, na ƙi. Asabar da ta biyo, da aka raba takardu, na juya baya na kama biro da hagu na rubuta: IDAN MUTUM YA ROƘI ALLAH YA KASHE WANI, ALLAH ZAI JI? Ba tambayar banza ba ce. Na roƙa. Kwana uku ina roƙo, da sunanta a bakina.

Ranar Laraba ta aiko wa mamana cewa bakinta ba daɗi, tana marmarin faten acca, kuma ni take so in kawo. Na tafi ina jan ƙafa. Na same ta a kan tabarma a inuwar ɗakinta, ta rame fiye da yadda na gan ta ranar Asabar, ƙafafunta sun kumbura. Cokali uku ta sha ta ture kwanon.

"Gishiri ya yi yawa. Gaya wa uwarki. Zo ki tsefe mini kai."

Na durƙusa a bayanta na fara tsifa. Gashin fari fat, laushi kamar auduga, fatar kan tana da zafi. Sai ta yi magana ba ta juyo ba, kamar da bango take.

"Akwai wata tambaya a gwangwani da ba zan jira Asabar ba. Allah yana jin kowace addu'a. Amma ba ɗan aiken kowa ba ne, da za a ce masa je ka ka kashe wance ya ruga."

Hannuna ya tsaya.

"Kuma wanda haushi ya kai shi har ya kai ƙara gaban Allah, to ya fara yi masa magana da bakin kansa ke nan. Ya fi mini mai farar riga da ba shi da abin cewa." Ta ɗan ja kanta. "A hankali, ke. Kaina ne, ba igiyar guga ba."

Ban ce ta yafe mini ba. Na gama tsifar, na ɗauki kwano, na ce sai an jima. Ta ce, "Ki gaida gida." Da asubar Alhamis ta cika.

Abin da ban sani ba lokacin da nake durƙushe ina gaida matan nan shi ne, da safe Anti ta ɗaga matashin Kaka ta ga takardata a ninke, ita kaɗai, ba a cikin gwangwani ba. Kafin azahar kowace mace a gidan ta gani. Ba suna a jiki, amma kowa ya ji abin da na faɗa a ƙarƙashin darbejiya, kowa ya san wa ya kai abinci na ƙarshe.

Ranar Juma'a mutanen gida suka iso da motar da za ta ɗauki gawa. Babbansu ƙanin Kaka ne, muna ce masa Kawu, dogo mai jan ido wanda bai taɓa zuwa Haɗeja ba sai ranar. Ya zo da wata mata mai farin ɗankwali da suke kira mai addu'a. Aka miƙa mata takardar. Ta riƙe ta da bakin yatsu, ta dubi baƙaƙen nan karkatattu masu rawa, ta yi ƙara.

"Rubutun hagu! Wannan ba hannun rana ba ne. A wurinsu komai a juye ake yin sa. 'Yan ƙungiyar asiri ne, sun ba da ita!"

Aka ɗauko gwangwanin aka buɗe mata, ta ga sauran duk haka suke. Ta ce, "Kun gani? Ba ɗaya ba ce, gida guda ne. Amma akwai uwar tafiya."

A tsakar gidan nan akwai mata fiye da goma da 'ya'yansu ke cikin zumuntar matasa. Sun san dokar hagu. Wasu ma sun sha yi mata dariya. Ba wadda ta buɗe baki. Wannan ne ba zan yafe ba, ko da an ce yafiya ce sharaɗin shiga kogi.

Da yamma Kawu ya zo gidanmu da maza biyu. Ina ɗaki ina ji. Babana ma'aikacin gona ne na gwamnati, mutum mai sanyin murya, bai saba da hayaniya ba.

Kawu ya ce, "Ba mu zo faɗa ba. Amma ba za mu ɗauki gawa mu bar wanda ya ci ta yana yawo ba. Yarinyar za ta bi mu. Akwai gidan addu'a a kan dutse, kwana bakwai, za ta amayar da abin da ta sani ta dawo muku da tsabta."

Babana ya ce, "Yayarka ta daɗe ba lafiya, Kawu. Kowa ya ga ƙafafunta."

"Su wa suka kumbura su?"

Na san gidan da yake nufi. An taɓa kai 'yar gwaggona can tana shekara goma sha huɗu. Ta dawo da sawun igiya a wuyan hannu da na ƙafa, ta amsa cewa ta ci mutane biyar, biyu daga ciki ba ta taɓa ganinsu ba. Har yau in an yi mata magana ƙasa take kallo. Ina jin Kawu ya ambaci dutse sai fitsari ya kufce mini a tsaye. Na rubuta wannan don a san abin da ake nufi da tsabta.

Babana ya ce, "Ba suna a takardar nan. A kawo shaida tukuna." Nan aka tsaya: gobe Asabar a tara matasa duka a coci, kowa ya rubuta wannan magana da hagu, a gwada. Babana ya shigo yana ganin ya cece ni. Bai san ni ce ba. Mamana kuwa ta dube ni sau ɗaya ta fita.

Ƙarfe huɗu aka tara mu, lokacin Kaka, amma a cikin coci, a bencin gaba. Dattawan ikilisiya suna zaune suna fuskantarmu, iyaye a baya. Gwangwanin yana kan tebur. Mai addu'a tana kai da kawowa tana huci. Baba Fasto ya buɗe da addu'a gajeriya, daga nan ya zuba wa takalminsa ido bai sake ɗagowa ba. Aka raba mana biro da fallen takarda. Kawu ya karanta maganata da ƙarfi, a hankali, ya ce, "Ku rubuta."

Na san hagun nawa. Ina da wata K mai doguwar ƙafa da ba zan iya ɓoyewa ba. Na ce a raina in miƙe in faɗa kawai, ko za su rage kwanakin.

Sai na ji ƙarar biro a siminti.

Yaya ce, shugabar matasa, 'yar Baba Dattijo da ke zaune a tsakiyar dattawa. Ta girme ni da shekara biyu, kuma ba ma ga maciji. Ita ta sa mini suna mai bakin reza, ni kuma na taɓa ce mata muryarta a cikin mawaƙan coci kamar an taka agwagwa. Ta ajiye takardarta a ƙasa kusa da biron, ta harɗe hannu. Na kusa da ita ya ajiye. Sai na gaba. Ƙarar birai ta yi ta bin benci har ta zo kaina, na buɗe hannu nawa ya faɗi.

Kawu ya ce, "Ke, 'yar wace ce?"

Baba Dattijo ya ce, "Tawa ce. Ke, ɗauki biron nan kafin in taso."

"Baba, ka yi haƙuri. Abin da ya shiga gwangwani ba shi da uwa, ba shi da uba. Haka aka koya mana a cocin nan, kuma ku kuka kawo mu."

"Wadda ta koya muku tana kwance a asibiti cikin ƙanƙara," in ji Kawu, "kuma ɗaya daga cikinku ce ta kai ta."

"To Kawu, in za a nemo wa ɗaya uba, a nemo wa duka. A zazzage gwangwanin, a karanta kowace da ƙarfi kamar yadda take yi. Sai mu rubuta, ku gwada duka, kowa ya ɗauki tasa ya kai gida."

"Kina tsammanin tsoro nake ji? A karanta!"

Ya zura hannu ya zaro ɗaya. Ya kai ta kusa da ido, yana haɗa baƙaƙen da ƙyar.

"Idan... dattijon coci... yana dukan matarsa ranar Asabar... ya raba jibin Ubangiji ranar Lahadi... jibin ya karɓu?"

Dattawa biyar ne a gaba, kowannensu ya sami wani abu a rufin coci da yake kallo. Kawu bai san garin ba, bai san abin da ya taka ba. Ya jefar ya zaro wata.

"Akwai wani baba a cikin mawaƙa... da yake tare ni a hanyar makaranta... yana cewa in..."

"Ya isa!" Baba Fasto ne, karo na farko da ya ɗaga kai. "Ya isa haka."

Daga baya sai ga muryar matar nan da ta janye mini zani. "Ai Baba Fasto, yara ne. Shirme kawai suke rubutawa. Kuma hagun nan ai ita marigayiya ce ta sa su, kowa ya sani."

Kowa ya sani. Ranar Juma'a ba wanda ya sani, ranar Asabar kowa ya sani. Ina so in ce bangaskiya ce ta motsa iyayenmu a ranar, amma na ga fuskokinsu. Kowa lissafin abin da ɗansa ya gani a gida yake yi. Shekara da shekaru tsohuwar nan tana ɗauke da wannan kaya ita kaɗai, tana ƙona shi kowace Asabar, tana gaida masu shi a ƙofar coci ba ta nuna ko a ido ba. Ban sani ba ko ta taɓa zuwa ta sami wani a ɓoye. Na dai tuna wani ɗan mawaƙa da ya daina zuwa ba a faɗi dalili ba.

Aka ce matasa su fita, manya za su zauna. A bakin ƙofa Kawu ya tare ni da ido ya ce, "An bar takarda. Saura fate." Ba wanda ya gaya mana abin da aka yanke. Babana ya dawo ya ce ana kan magana. Ranar Lahadi ban je sujada ba, mamana ta kulle ni a ɗaki ta tafi da makulli a bakin zaninta. Na yi ta kallon hannuna na hagu. Ban iya yin addu'a ba, don ina tsoron bakina.

Litinin ce ranar tafiya. Tun safe aka fita rakiyar gawa, aka bar ni da kulle. Kowace ƙarar mota sai in shige bayan ƙofa. Na sa takalmi na cire, na sake sawa, ina tunanin in sun zo ta gaba ko tagar baya za ta ɗauke ni.

Rana ta ɗaga sosai sai na ji makulli a ƙofa. Na ƙanƙame ƙafar gado. Yaya ce, da makullin mamana a hannu, ƙafafunta duk ƙura.

"Fito, mai bakin reza. Sun tafi."

"Da gaske?"

"Da idona na ga motar ta hau titin Kano, da Kawun da mai ihun. Ɗan Kaka ya fito da takardun asibiti, ashe tun bara aka gaya mata ƙodarta ta gama aiki, ta hana shi faɗa. Baba Fasto ya ƙona na gwangwani a gaban kowa. Ba mai taɓa ki. Uwarki ta ce in gaya miki, tana can tana wanke tukwane."

Na saki ƙafar gadon. Na ce, "Yaya, na gode."

"Riƙe godiyarki. Duk mun san ke ce, tun ranar da kika juya baya kina danna biro kamar za ki huda benci. Ba don ke muka yi ba."

Na fashe da kuka, na ce, "Na roƙa fa, Yaya. Da gaske na roƙa."

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, ta ja tsaki.

"Ke kina tsammanin ke kika fara? Shekarar da ta hana ni, tawa ta fi taki muni. Har irin ciwon na zaɓa mata."

Ta jefa makullin a kan gado ta fita. Agogon bango ya nuna goma da kwata.